Agogon da ke Cikin Ƙwayar Dawa

Duk wanda ya taɓa noma farafara a ƙasar Tsafe ko ta Bungudu ya san wani abu da ba a cika tsayawa a nemi dalilinsa ba. Wani manomi ya shuka dawarsa da ruwan farko a ƙarshen Mayu. Maƙwabcinsa ya makara, ko kuwa ruwa ya yaudare shi shukar ta ƙone, bai sake shukawa ba sai ƙarshen Yuni. Tsakaninsu wata guda cur. Amma idan damina ta zo gangara, gonakin biyu kan fitar da kai kusan tare, ratar ba ta wuce 'yan kwanaki. Ta farkon ta fi tsawo da kaurin kara, ta biyun ta tsaya gajera, lokacin bununi kuwa kusan ɗaya ne. Gero ba haka yake ba. Shi kwanaki yake ƙirgawa, wanda ya riga shuka shi ke riga cin tumu.

Ke nan akwai abin da dawar nan take dubawa wanda ba ranar shuka ba. Abin da take dubawa haske ne: launinsa, da tsawon lokacin da yake ɓacewa kowane dare. Masana sun yi fiye da shekara ɗari suna bin diddigin yadda tsiro ke wannan karatu, har suka kai ga ƙwayoyin gadon da ke yin aikin. Manoman Zamfara kuwa sun daɗe suna saita shi ta hanyar zaɓen iri. Tarihin yadda ilimin biyu suka haɗu, suka saɓa, suka sake haɗuwa, ya shafi abin da za a zuba a rumbu a shekaru masu zuwa.

Ratar minti ashirin

Gusau tana kan digiri 12 da ɗoriya arewa da layin da ya raba duniya biyu. Tsafe tana ɗan kudu da ita a kan hanyar Funtuwa, Bungudu tana yamma a kan hanyar Sakkwato. A wannan yanki yini mafi tsawo, wajen 21 ga Yuni, ba ya wuce awa 12 da minti 50. Mafi gajarta, a Disamba, kimanin awa 11 da minti 25 ne. Ratar duka ba ta kai awa ɗaya da rabi ba, alhali a Landan ta haura awa 8. Ladanai da masu lura da lokacin faɗuwar rana sun san da wannan matsawa, sauran jama'a kuwa da wuya su ankara.

Dawa takan ankara. Kan da muke gani a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba tun cikin marka ta fara ƙulla shi a ɓoye cikin kara, wata guda ko fiye kafin ya fito. A lokacin nan, tsakiyar Agusta zuwa ƙarshensa, yini bai ragu da fiye da minti ashirin zuwa talatin daga ƙololuwarsa ba. Wannan ɗan ragi yana cikin abin da ke sanar da ita cewa lokacin barin yin ganye ya yi.

Amfanin haka ga manomi a fili yake idan aka dubi halin daminarmu. Farkonta ba shi da tabbas: wata shekara a Mayu, wata shekara sai Yuni ya yi nisa. Ƙarshenta ya fi tsayawa wuri ɗaya. Irin da ke ƙirga kwana daga ranar shuka yana iya nuna a tsakiyar ruwa idan an shuka da wuri, ƙwaya ta yi fumfuna, ko ya rasa laima idan an makara. Irin da ke bin tsawon dare kuwa yana yin fure daidai lokacin da ruwa ke shirin ɗaukewa, ya cika ƙwaya da laimar da ta saura a ƙasa, ya bushe a iskar kaka. Sannan da yake gonakin gari duka suna fitar da kai tare, ɓarnar jan-baki da ta ɗan ƙudan nan mai saka ƙwai a furen dawa takan rarrabu, ba ta tare a gonar mutum ɗaya.

Wannan hali aikin hannun mutane ne. Shaidar da aka tono kusa da Kassala a gabashin Sudan ta nuna ana noman dawa tun kimanin shekara 5,000 da suka wuce, ta gero kuma a kwarin Tilemsi na Mali ta kai kimanin shekara 4,500. Tun daga lokacin, duk kaka manomi kan ware zangarniyar da ta fi cika, ya ajiye ta iri. Wadda ta yi gaggawa ko ta yi nawa ba ta cika ba, saboda haka ba ta shiga cikin zaɓi. A hankali kowace ƙasa ta samu dawar da agogonta ya dace da ƙarshen daminarta.

Yadda aka gano tsiro yana bambance launi

Su masana ta wata ƙofa suka shigo. A 1882 wani Bajamushe, Theodor Engelmann, ya ratsa haske ta gilashi mai kusurwa uku, ya rarraba shi launi-launi kamar bakan gizo, ya haska zaren gansakuka ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ya zuba bakteriya masu neman iskar oksijin. Sai suka taru a inda ja da shuɗi suka sauka, suka ƙaurace wa kore. Wannan ya nuna ganye ya fi haɗa abincinsa da jan haske da shuɗi. Shi ya sa ma muke ganin ganye kore, domin koren ne ya fi tsere masa ya dawo idonmu.

Wannan bayani ne a kan haske a matsayin abinci. Haske a matsayin labari sai a 1920 aka fara gane shi, daga wata matsalar manoman taba a Amurka. Wani irin taba mai suna Maryland Mammoth yakan yi ta tsawo har sanyi ya kashe shi bai yi fure ba. Haka kuma wani irin waken suya mai suna Biloxi, ko a Mayu aka shuka shi ko a Yuli, sai Satumba yake fure, wato dai halin farafararmu. Ma'aikatan sashen gona biyu, Wightman Garner da Harry Allard, suka riƙa shigar da tsiron ɗaki mai duhu tun da la'asar don gajarta masa yini. Nan take ya yi fure. A 1938 Karl Hamner da James Bonner suka ƙara gyara fahimtar: dare tsiron yake aunawa. Idan aka katse dogon dare da haske na minti ɗaya, tsiron da suka gwada yakan fasa fure, kamar daren bai yi tsawo ba.

Saura a san da wane ido yake gani. A 1952, a cibiyar bincike ta Beltsville, Harry Borthwick da Sterling Hendricks da abokan aikinsu suka yi gwaji da irin latas. Sun haska shi da ja, mai tsawon zango kimanin nanomita 660, ya tsira. Sun bi jan da wani haske da ke can ƙarshen bakan gizo, wajen nanomita 730, wanda idon mutum ke daf da kasa gani, sai ya ƙi tsira. Bari mu kira wannan na biyun jan ƙurya. Suka yi ta sauyawa, ja, jan ƙurya, ja, jan ƙurya, kuma ko sau nawa aka juya, irin yakan bi umarnin hasken ƙarshe. Ma'ana akwai makunni a cikinsa, wanda ja ke kunnawa, jan ƙurya ke kashewa. A 1959 aka tabbatar da furotin ɗin da ke wannan aiki, aka raɗa masa suna faitokurom. A 1993 Margaret Ahmad da Anthony Cashmore suka gano wani mai karɓar shuɗin haske, kiriftokurom.

Makunni da ƙwayoyin gado

Mai karatu ya taɓa ɗaga tukunya ko buhu da ya kwana biyu a kan ciyawa, ya ga tsiron da ke ƙasa ya yi fari-fari, dogo, siriri, ganye a naɗe. Bayan kwana ɗaya ko biyu a rana sai ya koma kore. Abin da ke faruwa a tsakanin nan shi ne zuciyar wannan batu.

Injin haɗa abinci na ganye yana da tsada. Akwai koren sinadarin nan, kulorofil, da furotin masu riƙe shi su tattaro haske, da kuma rubisko, furotin da ke kama iskar kabon a mayar da ita sukari, wanda ya fi kowane furotin yawa a doron ƙasa. Ƙwayar da ke cikin ƙasa guzurinta kaɗan ne. Idan ta kashe shi wajen gina wannan inji a cikin duhu, za ta mutu kafin ta leƙo. Don haka ƙwayoyin gadon da ke ɗauke da tsarin injin suna nan a rufe, duk ƙarfin yana tafiya ga miƙewa sama.

A 1979 Klaus Apel ya nuna a Jamus, da sha'ir, cewa walƙiyar jan haske ta isa ta sa a fara karanta ƙwayar gadon furotin mai tattara haske, kuma jan ƙurya na iya soke umarnin. A shekarun nan Elaine Tobin a Kalifoniya ta ga irin haka game da ƙaramin sashen rubisko, a wata 'yar ciyawar ruwa. Daga ƙarshen shekarun 1990 aka fara gane hanyar: faitokurom da ja ya kunna yakan shige cibiyar ƙwayar jikin tsiro, inda ƙwayoyin gado suke, ya kama wasu furotin masu tsare ƙofa da ake kira PIF, ya sa a rushe su. Da zarar masu tsaron sun kau, sai a fara gina kulorofil da rubisko, kara ya rage gudu, ganye ya buɗe. Wani bincike na 2001 ya samu cewa haske na sauya aikin kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙwayoyin gadon da aka duba a wani ƙaramin tsiron gwaji.

Ko manomin da bai taɓa jin waɗannan sunaye ba yana ganin aikinsu. Ƙwayoyin ciyayi da yawa kan kwanta a ƙasa shekara da shekaru, sai garma ta juyo su sun ga haske sannan su tsira. Wannan yana cikin dalilan da gona ke yin tsanwa shar da ciyawa kwanaki kaɗan bayan huɗa.

Inuwa da gicci

Makunnin ba ya gama aiki da tsirowa. A fili, ƙarƙashin rana, ja ya ɗan fi jan ƙurya yawa. Ganye kuwa yakan shanye ja ya bar jan ƙurya ya wuce, saboda haka a ƙarƙashin duhuwar ganye jan na iya komawa kashi ɗaya cikin biyar na jan ƙurya ko ƙasa da haka. Ta wannan ma'auni tsiro ke bambance inuwar gajimare da inuwar kishiya. A 1990 Carlos Ballaré da abokansa a Ajantina suka nuna, da wani ɗan'uwan zaƙami, cewa tsiro kan ji maƙwabcinsa tun inuwa ba ta taɓa shi ba, daga jan ƙuryar da ke dawowa daga ganyen maƙwabcin, sai ya fara miƙewa. A 2006 aka nuna a dawa cewa wannan alama ce ke hana ta fitar da 'ya'yan gindi. Shi ya sa shukar da aka cunkusa ba a cire ba takan yi tsawo, ta rame, ta kwanta da iska.

A nan ne tsohon tsarin gonar Bahaushe yake nuna hikimarsa. Gero ne ke fara shiga da ruwan farko, wani lokaci ma a binne shi tun ƙasa na bushe. Dawa ta biyo baya a tsakani, wake ya shigo daga baya. A gicci kuma akan jera layukan hatsi da tazara mai faɗi, a giciye da kunyoyin gyaɗa ko wake ko auduga, yadda haske zai riƙa sauka ƙasa. Gero yana gaggawa, ya mamaye sama a Yuli da Agusta. Dawa tana haƙuri a ƙarƙashinsa, tana kafa saiwa, don agogonta bai buga ba. Ana girbe gero sai sama ta buɗe mata daidai lokacin da take yin ciki. Wake irin su kananado, wanda shi ma gajarcewar yini yake jira, yakan yaɗu a ƙasa cikin inuwa, ya yi fure a ƙarshen damina, ya ba da ƙwaya da harawa. Gero da dawa suna cikin tsirrai masu hanyar haɗa abinci ta musamman da ke son rana mai ƙarfi, wadda aka bayyana a Ostireliya a 1966. Wake ba ya cikinsu, kuma ya fi su jure inuwa. Gona ɗaya ce, amma an raba haskenta hawa-hawa da kuma wata-wata.

Samaru ta duba dawa

Gwamnatin mulkin mallaka ba don dawa ta kafa tashar bincike a Samaru a 1922 ba. Auduga da gyaɗa ne abin da ake so, su ne kuma jirgin ƙasa ya riƙa kwasa bayan layin dogo daga Zariya ya ratsa Gusau ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Abincin talaka sai daga baya ya samu kulawa sosai, musamman bayan tashar ta koma cibiyar binciken aikin gona ta Jami'ar Ahmadu Bello a 1962.

A shekarun nan ne D. L. Curtis ya tattara irin dawa daga sassan Arewa, ya gwada su. Sakamakon da ya wallafa a 1968 ya zama abin da ake kafa hujja da shi har yau: ranar da dawar kowane yanki ke fitar da kai a gidanta tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da lokacin da ruwa ya saba ɗaukewa a wurin. Dawar arewa, inda damina ke gajera, takan riga. Ta kudu takan jinkirta. Idan aka kai ta kudu arewa, fari zai riske ta ba ta cika ba. Idan aka kawo ta arewa kudu, za ta nuna cikin ruwa ta lalace. A 1975 A. H. Kassam da D. J. Andrews suka auna a Samaru yadda jinkirin shuka ke rage tsawo da yawan amfani, amma bai cika matsar da ranar fitar kai ba.

Ta ɓangaren tattalin arziki kuma, David Norman ya bi manoman wasu ƙauyuka uku na ƙasar Zazzau a tsakiyar shekarun 1960. Ya samu cewa filin da ake shuka abu ɗaya tak a cikinsa bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba, kuma haɗa shuka ya fi ba manomi tabbas, ya fi biyan wahalarsa a watannin da aiki ke cushewa. Gwajin Andrews na 1972 ya nuna haɗa dawa da gero da wake ya fi dawa zalla kawo kuɗi.

Gusau, 1975

Duk da haka, tunanin da ya mamaye duniya a lokacin wani ne daban. Shinkafa da alkamar da suka ninka amfani a Asiya gajeru ne, kuma an cire musu damuwa da tsawon yini domin a shuka su ko'ina, ko yaushe. A Amurka ma, tun 1963 sashen gona da jami'ar Texas A&M suka fara shirin ɗauko dawar ƙasashe masu zafi, a mayar da ita gajera marar jiran haske, yadda injin girbi zai iya yankanta. Kaurarmu ma ta yi wannan tafiya: a farkon shekarun 1950 O. J. Webster ya kai irinta mai rawayar ƙwaya Amurka daga Arewacin Nijeriya.

Bayan farin 1972 da 1973, ga kuɗin man fetur, gwamnati da Bankin Duniya suka kafa shirye-shiryen bunƙasa noma guda uku na farko a 1975, a Funtuwa da Gusau da Gombe. Na Gusau ya zo da hanyoyin karkara, da cibiyoyin sayar da taki da magani, da malaman gona, da ingantaccen iri. Ba za a raina abin da ya bari ba. Takin zamani ya shiga hannun manoma da yawa, masara kuma, wadda a da ake shukawa a bayan gida, ta fita daji ta zama amfanin kasuwa, musamman ta wajen Funtuwa inda ruwa ya fi yawa.

Sai dai shawarwarin da malaman gona suka zo da su an gina su ne a kan shuka abu ɗaya a gona ɗaya. Manoma da yawa suka karɓi takin, suka ci gaba da haɗa shukarsu. A faɗin Afirka ta Yamma kuma, dawar mai saurin nuna da aka shigo da ita daga Indiya a shekarun 1970 da 1980 ba ta samu karɓuwa ba. Takan nuna ruwa bai ɗauke ba, fumfuna ta kama ta, tsuntsaye su taru a kanta tun da ita kaɗai ke da ƙwaya a dajin, karanta kuma gajere ne, ba ya isa danni ko rufi ko abincin dabbobi. Abin da aka ɗauka taurin kai ne, lissafi ne na wanda ya san gonarsa. Daga ƙarshen shekarun 1990 masu kyautata iri, musamman a Mali, suka koma ga dawar gida mai jiran haske, suna ƙara mata yawan amfani ba tare da sun ɓata agogon ba. A Kano kuma, tashar IITA da aka buɗe a 1990 ta gwada sabon jeri, layi biyu na hatsi, layi huɗu na wake, don wake ya samu hasken da zai yi ƙwaya sosai. Wannan gicci ne da aka sake wa awo.

Inda hanyoyin biyu suka haɗu

Tun 1945 J. R. Quinby da R. E. Karper a Teksas suka lura cewa 'yan ƙwayoyin gado kaɗan ne ke riƙe da lokacin nunar dawa, suka sa musu suna Ma1 da Ma2 da Ma3, ba tare da sanin abin da ke cikinsu ba. Sai a 1997 aka gano Ma3 ba wani abu ba ne illa ƙwayar gadon ɗaya daga cikin faitokurom. Dawar da wannan ƙwaya ta lalace mata takan yi fure da wuri ko yini na da tsawo, ta fito siririya, ganyenta ya koɗe, 'ya'yan gindinta kaɗan. Wato idon da ke kunna injin haɗa abinci, shi ne ke jin maƙwabci, shi ne kuma ke taya ta auna dare.

A 2011 aka warware Ma1. Aikinta kamar birki ne a kan fure. Takan motsa sau biyu a yini, da safe da kuma yamma, amma motsin yamma sai da haske yake yiwuwa. Muddin rana na jinkirin faɗuwa, birkin na riƙe. Idan duhu ya fara rigan wannan lokaci, birkin ya saki, kai ya fara ƙulluwa. Ɗan bambanci a irin waɗannan ƙwayoyi yana cikin abin da ke raba dawar wannan ƙasa da ta waccan.

Hujja mafi kusa da mu daga Nijar ta fito. A 2009 Abdoul-Aziz Saïdou da abokan aikinsa suka danganta lokacin furen gero da wata ƙwayar faitokurom mai suna PHYC. A 2011 ayarin Yves Vigouroux ya kwatanta geron da aka tattara a ƙauyuka 79 na Nijar a 1976 da wanda aka sake tattarawa a ƙauyukan a 2003, bayan shekarun fari. Manoma ba su watsar da irinsu na gado ba, amma irin ya sauya a hannunsu: ya fi saurin fure, ya ɗan gajarce, kuma nau'in PHYC mai sa saurin fure ya kusa ninkawa. Cikin shekara 27, da zaɓen zangarniya kawai, sun sake saita agogon ya dace da gajeriyar damina. Iri na gida abu ne mai rai da ake gyarawa kowace kaka, muddin akwai mai shuka shi a ƙasarsa.

Abin da ke cikin haɗari

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya raunana a Zamfara. Fiye da shekara goma ke nan 'yan bindiga suna hana noma a sassan jihar, har da ƙauyukan Tsafe da Bungudu da kewayen Gusau. An sha ba da rahoton harajin da suke ɗora wa manoma kafin shuka da kafin girbi, mutane da yawa kuma sun bar garuruwansu. Dawa mai jiran haske takan tsaya a gona har Nuwamba, karanta ya fi mutum tsawo nesa ba kusa ba. Ga wanda kowace fita gona kasada ce, irin da zai nuna cikin kwana 90 ya fi, kuma ba mai ganin laifinsa idan ya zaɓe shi. Iri mai saurin nuna yana da gurbinsa, musamman a shekarar da aka makara ƙwarai.

Asarar da ba a lissafawa ita ce ta irin kansa. Ƙwayar dawa a ajiyar gida ba ta wuce 'yan shekaru tana tsira da kyau. Idan gari ya watse, aka ƙone rumbu ko yunwa ta sa aka daka iri, damina uku ko huɗu sun isa su shafe abin da kakanni suka yi ɗaruruwan shekaru suna saitawa. Ana iya sake gina gida, a sayi garma. Dawar da ta san ƙarshen daminar gindin dutsen Kwatarkwashi kuwa ba a shago ake samunta ba. Kuma idan aka zo rabon irin tallafi da aka sayo daga wata jiha mai nisa, ba tare da an tambayi inda aka saba noma shi ba, ana iya ba mutumin da ya rasa komai irin da zai nuna cikin ruwa ko ya tsaya kore har ƙasa ta bushe.

Akwai ma sabon abu a bakin gari. Tun da haske kaɗan na iya katse dare, an san cewa waken suya da ke kusa da fitilun titi yakan jinkirta nuna. Yanzu da fitilun sola ke yawaita a gefen hanyoyi, mai gona kusa da su yana da dalilin lura da layukan da ke ƙarƙashin fitila.

Aikin da ke gaba ba ya buƙatar injuna masu tsada. Akwai Jami'ar Tarayya a Gusau tun 2013, akwai kwalejin aikin gona a Bakura, ga Samaru, ga cibiyar adana iri ta ƙasa a Ibadan. Manoman da suka baro ƙauyukansu suna cikin Gusau da Tsafe da Bungudu, wasunsu da ɗan ƙullin iri a cikin kaya. Abin da ake buƙata shi ne a karɓi kaɗan daga kowanne da yardarsa, a rubuta sunan irin, da garin da ya fito, da makon da yakan fitar da kai, a riƙa sabunta shi a fili mai tsaro kusa da inda ya fito, a kuma mayar wa masu shi idan hanya ta buɗe. Jami'in da ke sa hannu a takardar sayen iri, da ɗan majalisar da ke rabon tallafi, da ma'aikacin ƙungiyar agaji, kowannensu yana iya ƙara tambaya biyu kafin a biya kuɗi: a ina aka saba noma wannan iri, kuma a wane mako yake fitar da kai a Gusau?